HIRAR AKAWU: Littattafan Da Suka Fi Shiga Ran Masu Karatu Bana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni fili a wannan mako fiye da wanda ka saba ba ni, gama kayan da na ɗauko yau ba nawa ba ne ni kaɗai, na jama'a ne, ga shi kuwa sun yi nauyi.

Masu karatu za su tuna, wata biyu da suka wuce na yi shela a wannan fili, na ce kowa ya rubuto mini sunan littafi guda wanda ya fi shiga ransa cikin abin da ya karanta bana, ya kuma faɗi dalili. Na kafa sharaɗi biyu. Na fari, littafin ya zama na abin da ya auku da gaske, watau tarihi, ko labarin tafiya, ko rayuwar wani mutum, ko wani fanni na ilmi, ban da ƙagaggen labari. Na biyu, littattafan da aka saukar ba sa cikin wannan gasa, don ba a ɗora su bisa ma'auni ɗaya da rubutun ɗan Adam. Ban ce sai sabon bugu ba. Da na ce haka, da har yau ina zaune ina jiran wasiƙa, gama mu nan Darna Sabon Gari sabon littafi ya kan tsufa a hanya kafin ya iso hannunmu.

To, madalla, jama'a sun amsa. Wasiƙu sun zo daga Sakkwato, da Gwadabawa, da Gusau, da Katsina, har daga ƙetaren iyaka, Kwanni da Tawa. Na gode wa kowa. Amma kafin in shiga, bari in sallami waɗanda suka karanta shelata da ido ɗaya. Mutum biyu sun zaɓi Magana Jari Ce, wani kuma Ruwan Bagaja. Ni ma ina son su, ba na kuwa jin akwai ɗan boko a ƙasar Hausa wanda bai sha daɗinsu ba. Sai dai aku bai taɓa zama waziri ba a wani gari da na sani, Alhaji Imam kuwa bai ɗebo ruwan nan a wani kogi da za a nuna mini a taswira ba. Su yi haƙuri, ranar ƙagaggun labarai tana tafe.

Littafin da ya fi samun masoya cikin wasiƙun nan shi ne Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu. Ya rubuta shi da Larabci a 1812, tun bai zama Sarkin Musulmi ba, gama sarautar ba ta zo masa ba sai 1817 bayan rasuwar mahaifinsa. A ciki ya ba da bayanin ƙasashen nan namu da malamansu na dā, sa'an nan ya bi labarin Shehu da jama'arsa, tun daga hijira zuwa Gudu a 1804, da yaƙin Tafkin Kwatto a wannan shekara, har faɗuwar Alkalawa a 1808. Wanda ba shi da Larabci ba a bar shi a baya ba, gama Sidi Sayuɗi da Jean Boyd sun juya shi da Hausa, aka buga a 1974.

Wani malami daga Gwadabawa, wanda ya ce shekararsa ta haura sittin, shi ne ya kawo dalilin da ya fi gamsar da ni. Ya ce ba labarin yaƙi ne ya kama ransa ba, wasiƙun nan ne da suka gudana tsakanin Sakkwato da Shehu Laminu na Barno, inda Shehu Laminu ya ke tambaya da wace hujja a ke kai wa ƙasarsa yaƙi alhali mutanenta suna salla suna azumi. Malam ya ce abin mamaki, Bello bai ɓoye maganar abokin jayayyarsa ba, sai da ya kwafe ta cikin littafinsa, sa'an nan ya ba da amsa. Ya tambaye ni, cikin masu jayayya na yau, mutum nawa ne za su yarda su ɗora hujjar abokin gāba a gaban tasu, su bar mai karatu ya auna? Allah ya gafarta Malam, ban da amsa. Abin da zan ƙara kaɗan ne. Wanda ya rubuta littafin yana cikin yaƙin da kansa, kuma nasara a gefensa ta faɗa. Mu da mu ke zaune a nan arewacin Sakkwato, inda Gobirawa da Adarawa da Filani su ke cin kasuwa ɗaya, mun san akwai tsofaffin da su kan ba da labarin nan ta wata fuska dabam. Karanta littafin Bello wajibi ne ga mai son tarihi, sauraren tsofaffin nan kuma ba laifi ba ne.

Mutum biyu sun ambaci Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda aka buga a Zariya tun kafin mulkin kai na 1960. Wani ɗalibi kuma ya zaɓi The Sokoto Caliphate na Murray Last, bugun 1967, wanda aka fassara da sunan Daular Sakkwato. Ɗalibin ya lura da abin da ya kamata a lura da shi, watau Baturen nan bai dogara ga rahoton Razdan da na Gwamna ba, zama ya yi a Sakkwato ya karanta takardun Larabci na gidan Waziri, shi ya sa ma rabin littafin maganar wazirai ce tun daga Giɗaɗo ɗan Laima. Wannan ɗalibi ya iya karatu, Allah ya ƙara basira.

Wasiƙa ɗaya tak ta zo daga hannun mace, wata malamar makaranta a Gusau, ta kuwa fara da yi mini faɗa. Ta ce duk lokacin da maza suka taru a kan maganar tarihi ba abin da a ke ji sai ƙarar takobi da sunayen sarakuna, kamar dā can ba a haihuwa, ba a daka, ba a aure. Littafin da ta zaɓa shi ne Baba of Karo. Baba tsohuwa ce Bahaushiya, an haife ta wajen 1877 a wani ƙauye Karo, kan iyakar ƙasar Kano da Zazzau. A ƙarshen 1949 da farkon 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa, ita kuwa tana rubutawa, aka buga da Turanci a 1954, bayan Baba ta rasu. A ciki akwai rinji da bayi, da mahara masu kama mata a hanya, da yadda dangi su kan tara wuri su fanshi nasu, da ƙawance, da kishi, da bori, da aurenta huɗu, da yadda ta yi renon 'ya'yan wasu ita ba ta haifa ba. Malama ta ce ta karanta wa kakarta wani yanki tana juya mata da Hausa, tsohuwa ta riƙa gyara mata sunayen abubuwan biki tun ba ta kai ƙarshen jimla ba.

Malama, faɗanki ya shiga, na kuwa karɓa. Amma ku duba wannan abu, jama'a. Tsohuwa ta yi magana da Hausa, aka mai da ita Turanci, aka haye teku da ita, sa'an nan jikanyar wata tsohuwa ta sāke mai da ita Hausa a Gusau. Tuwonmu ne, sai da ya je Landan ya dawo kana muka ci. Ku riƙe wannan, zan komo kansa.

Wani akawu ɗan'uwana daga Katsina ya zaɓi Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1944, labarin tafiyarsa Ingila a 1943 tare da waɗansu editocin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ce abin da ya burge shi, Imam ya dubi Turawa a gidansu da idon Bahaushe, kamar yadda su Clapperton da Barth suka dube mu a namu gidan da idon Bature. Wannan magana ta yi, ba ni da abin ƙari.

Yanzu ga inda rigima ta ke. Wani malamin makaranta daga Birnin Kwanni, wanda ya rubuto da Hausa mai daɗi irin ta mutanen can, ya zaɓi Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda aka buga da Faransanci a 1980, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu wadda ta tsaya wa sojan Faransa a 1899. Ya san sharaɗina, ya kuwa rigaye ni da cewa kada in kuskura in kira shi ƙagagge, gama Sarauniya ta rayu, Lugu na nan, yaƙin kuma an yi shi. Ɗan'uwana, duk gaskiya ne. Sarauniya ta rayu, an yi yaƙin cikin Afrilu 1899. Amma maganganun da Mamani ya sa a bakinta, da abin da ya ce ta raya a zuci, shi ya ƙaga su, bai kuwa ɓoye ba, littafinsa na hikaya ne, har Med Hondo ya mai da shi sinima a 1986. In na buɗe maka ƙofa, mai Ruwan Bagaja zai ce shi ma a buɗe masa. Ba zan sa shi cikin lissafi ba. Amma kada ka yi fushi, gama wasiƙarka ita ce ta kai ni ga nawa zaɓin, kuma hanyarmu ɗaya.

Ni akawu ne, aikina rubuta buhu nawa ya hau mota, nawa ya sauka. Sa'ad da Nijeriya ta rufe iyakarta da Nijar cikin Agusta 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai, har zuwa Maris 2024 da aka buɗe, motoci suka yi layi a Illela, alƙalamina ya bushe. A zaman banzan nan ne na koma karatu, abin da na yi wa saki tun barina makarantar mishan, ban kuwa sāke sakinsa ba. Cikin abin da na karanta bana, wanda ya hana ni barci shi ne The Killer Trail na Bertrand Taithe, malamin tarihi a Jami'ar Manchester, bugun 2009. Ma'anar sunan, sawun makasa. Labarin rundunar nan ce wadda ɗan'uwana na Kwanni ya ambata.

Ga yadda abin ya ke a taƙaice. Gwamnatin Faransa ta tura Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine su bi daga kogin Kwara su kai Tafkin Cadi, don a haɗe mulkinta na yamma da na tsakiyar Afirka. Turawa kaɗan ne cikin rundunar, sauran sojan baƙar fata ne, da 'yan dako da aka kama ƙarfi da yaji, da mata, da dabbobi, taro mai yawa wanda ba a ba shi guzurin da zai ishe shi ba. Runduna irin wannan in ta sauka a gari sai ta shanye rijiya ta cinye rumbu. Garin da ya hana, a ƙone shi. Garin da ya gudu, a bi shi. Tun Janairu 1899 suka fara ɓarna a bakin Kwara, suka bi ta Arewa, suka yi karo da Sarauniya a Lugu, ran 8 ga Mayu kuwa suka faɗa wa Birnin Kwanni, suka karkashe mutane masu ɗimbin yawa, suka bar birnin kango.

Labari ya kai Faris ta wata hanya da za ta ba masu wannan fili sha'awa, watau ta wasiƙa. Wani Laftana Péteau, wanda Voulet ya kora daga rundunar, shi ya rubuta wa budurwarsa abin da ya gani, wasiƙar ta bi hannu hannu har ta kai ga manyan gwamnati. Aka tura Kanar Klobb ya bi sawunsu ya karɓe shugabanci. Bai sha wahalar neman hanya ba, gama ƙonannun garuruwa da gawawwaki su suka yi masa jagora. Ya cim musu kusa da Tasawa, ran 14 ga Yuli 1899, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojansu suka juya musu, suka kashe Chanoine, suka kashe Voulet. Kaburburansu na Mai Jirgi. Sauran hafsoshi suka ci gaba da tafiya, suka ci Damagaram a ƙarshen watan nan, suka kai Cadi. Watau aikin da aka aike su an gama shi, ƙasar da suka bi kuwa ta zama ta Faransa.

Inda Taithe ya fi ƙarfi shi ne bayanin abin da ya biyo baya. Ya nuna yadda jaridun Faransa suka yi ta kururuwa, amma yawancin kukan na kashe Kanar ne, Bature ɗan'uwansu, ba na mutanen Kwanni ba. Ya nuna uban Chanoine janar ne wanda ya riƙe ministan yaƙi a 1898, ƙasar kuwa a lokacin tana rabe biyu a kan shari'ar Dreyfus, saboda haka kowane ɓangare ya ja labarin wajen da zai amfane shi. Daga bisani aka rufe bincike da cewa wai zafin ƙasarmu ne ya taɓa hankalin mutanen nan biyu. Ku ji fa! Rana ɗaya ce ta ke dukanmu tun kakannin kakanni, ba ta taɓa sa mu ƙone Kwanni ba. Taithe bai karɓi wannan uzuri ba. A ganinsa abin da su Voulet suka yi bai bambanta da yadda a ke yaƙin mallaka a wancan zamani ba sai ta wajen yawa, da kuma cewa su asirinsu ya tonu.

To, me ya hana ni barci? Daga ƙofar gidana zuwa Kwanni tafiyar ɗan lokaci ce a kan babur. Na ci kasuwarta ba adadi, ina da abokai can, ƙanwar mahaifiyata can ta yi aure. Na yi shekara goma sha biyu a aji, an koya mini yaƙin Giginya na 15 ga Maris 1903, da Burmi, da Satiru, har da sarakunan Ingila, amma ba wanda ya taɓa ce mini ga abin da ya sami maƙwabtanmu shekara huɗu kafin Giginya. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Manhajarmu ta tsaya inda iyaka ta tsaya. Abin da ya auku kudu da turken iyaka tarihin Nijeriya ne, a koyar da Turanci. Abin da ya auku arewa da shi tarihin Nijar ne, a koyar da Faransanci. Mutanen da abin ya shafa kuwa Hausa su ke yi, nan da can.

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, ranar da aka ci Kwanni, a takardar Turawa ma ba ta cikin rabon Faransa. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a Faris ran 14 ga Yuni 1898 ta ce a kafa tsinin alƙalami a birnin Sakkwato a zana baka mai nisan mil 100, abin da ke ciki na Ingila ne. Tsakanin Sakkwato da Illela kuwa mil hamsin ne da 'yan kai, Kwanni na gaba kaɗan. Ashe tana can tsakiyar bakan. Faransawa suka yi ta ƙorafi cewa hanyar da aka bar musu zuwa Damagaram ba ruwa, aka sāke shiri a 1904 da 1906, aka jawo layin kudu, Kwanni ta koma hannunsu. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa turaku, guda 148, daga Kwara zuwa Cadi. Da ba a yi wannan gyara ba, da yau ɗan'uwana malamin Kwanni Turanci ya ke koyarwa, da ni da shi kuwa takardar shaidarmu iri ɗaya ce. Rijiyoyin da ayarin Faransa zai sha su suka raba ni da ƙanwar mahaifiyata.

Kada a ce na yabi littafin ban ga aibinsa ba. Na gani. Taithe ya tono takardun Faransa ƙwarai, ya san abin da kowane hafsa ya rubuta wa uwarsa, amma muryar mutanen da aka ƙone wa gari ba ta da ƙarfi a ciki. Na gama littafin na san Voulet kamar maƙwabcina, ban san sunan ko mutum goma na Kwanni da suka mutu ran nan ba. Turancinsa kuma mai nauyi ne, na malaman jami'a, sai da na ajiye ƙamus a gefe.

Littattafai biyu da suka zo cikin wasiƙu sun taɓa wannan miki. Wani ma'aikaci daga Tawa ya zaɓi littafin Djibo Hamani a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda aka buga da Faransanci a Yamai a 1975, inda a ke ba da labarin yadda Agabba ɗan Sarkin Agadas ya karɓe Adar daga hannun Kabi a ƙarshen ƙarni na 17. Ya kuma yi mini ba'a, ya ce in tuna Illela biyu ce, tamu da tasu ta ƙasar Tawa inda Sarkin Adar ya ke zaune, wai tasu ce uwa. Wannan shari'a na bar wa tsofaffi. Littafin dai ba zan iya karanta shi ba, ba ni da Faransanci, ga shi kuwa tarihin rabin mutanen unguwarmu ne. Ɗayan kuma Hausaland Divided na William Miles, mutumin Amurka, bugun 1994, wanda wani malami daga Katsina ya zaɓa. Miles ya zauna a ƙauyuka biyu maƙwabtan juna, 'Yardaji ta ƙasar Daura da Yekuwa ta wajen Magarya, ya gwada yadda mulkin Ingila da na Faransa suka bar sawu dabam dabam a sarauta, da makaranta, da kasuwa, cikin mutanen da harshensu da addininsu ɗaya ne. Wannan na karanta shi bara, na kuwa ga garinmu a ciki, ko da ya ke bai ambace mu ba. Har gobe tsofaffinmu in za su Kwanni cewa su ke yi za su Faranshi.

Yanzu ku ƙidaya tare da ni. Cikin littattafan da na ambata waɗanda suka cika sharaɗi, wanda na san an rubuta da Hausa tun asali, ko an juya shi, Infaƙul Maisuri ne, da Tarihin Fulani, da Daular Sakkwato, da Tafiya Mabuɗin Ilmi. Uku na Sakkwato, ɗaya na Ingila. Waɗanda suka yi maganar iyakar nan da mu ke kwana mu ke tashi a kanta, na Taithe da na Miles da Turanci su ke, na Hamani da Faransanci. Malamin Kwanni ba ya karanta nawa, ni ba na karanta nasa, alhali in mun gamu a kasuwa ba ma bukatar tafinta.

Wani zai ce fassara aiki ne mai tsada, wa zai saya? Ina tuna masa, a 1932 da 1933, lokacin da masu karatun boko a Arewa ba su kai ko kashi kaɗan na yau ba, ofishin fassara na gwamnati ya fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, littafi biyu, inda aka juya tarihin Kano da waɗansu tsofaffin takardun Larabci zuwa Hausa. Har yau ana neman su. In an iya a wancan zamani da keken rubutu da fitilar kwai, ban ga abin da zai hana yanzu ba. Ga shi kuma a 2025 hukumar Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Harshen ƙasa kuwa yana bukatar abin karantawa wanda ya wuce sanarwar gwamnati. Ina roƙon malaman jami'a na Sakkwato da na Yamai, waɗanda Allah ya ba harsunan nan uku, su dubi wannan, su nemi izinin masu littattafan, ko babi ɗaya ɗaya ne a fara. Edita kuma, in an kawo, ina fata za ka ba da fili.

Amma akwai aikin da ba sai mun jira malaman jami'a ba. Wanda ya ga ranar 8 ga Mayu 1899 da idonsa ba sauran ko ɗaya. Waɗanda suka ji daga bakin waɗanda suka gani, su ma sun yi kaɗan, kowace damina kuwa raguwa su ke yi. Makon jiya na je gai da wani dattijo a unguwarmu wanda asalin gidansu Kwanni ne, na karanta masa abin da na rubuta a sama. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce kakarsa ta kan faɗi inda suka ɓuya, da wanda aka bari a baya, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa sai yau. Na koma da littafin rasiɗi, gama shi ne takardar da ke aljihuna, na cika bayan shafi shida. Abin da Mary Smith ta yi wa Baba ba sihiri ba ne, zama ne da haƙuri da alƙalami.

Saboda haka ga shelar wannan karo. Duk mai karatu da ke da tsoho ko tsohuwa a gida, daga Dogon Dutsi har Tasawa, da nan gefenmu inda masu gudu suka fake, ya zauna ya tambaya, ya rubuta yadda aka faɗa masa, kada ya gyara, kada ya ƙara gishiri. Ya sa sunan garin, da wanda mai ba da labarin ya ji daga gare shi. In boko ya fi masa sauƙi, to, in ajami ne, a aiko, akwai mai karanta mini. In mai labarin bai yarda a buga sunansa ba, ba za a buga ba. A aiko ta hannun Edita kafin ƙarshen watan gobe. Ɗan'uwana malamin Kwanni, kai ne na fi sa rai da kai, tun da na hana ka Sarauniyar Mamani, kawo mini ta bakin tsofaffi in sa ta a sahun gaba.

Waɗanda ban ambaci zaɓinsu ba su gafarce ni, fili ne ya ƙare, akwai mai littafin noman albasa da mai littafin nahawu, za su shigo a fitowa ta gaba. Sa'an nan wanda ya ari Hausaland Divided a hannuna tun kafin azumi, ya ce kwana bakwai, ya san kansa, yana kuwa karanta wannan jarida. Ba zan faɗi sunansa ba a wannan mako.

Haza wasalam. Ni ne naku,

Akawu,
Darna Sabon Gari, Illela.